Sandar Alhaji da ginin cikin akwati

Makon jiya ɗaya daga cikinku, ku masu koyon aiki da ake turo mana daga lakwal, wato makaranta, ya leƙa allon ordinata, kwamfutar nan tamu, ya ga layin da ke ɗaga sandar ƙofa, ya ce, "Baba Isufu, ai wannan kalma ɗaya ce." Gaskiyarsa. Kalma ɗaya ce, haruffa bakwai, kuma kuna iya nemo ta a wayarku kafin shayi ya tafasa. Ban ba shi amsa a take ba, domin bakina ba shi da sauri. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ban yi karatu mai nisa ba. Na baro Damagaram da turnabis biyu na kwance sukurori da abin gwada wuta, na zo Arlit ina ja wa mutane waya. Alhaji Gumar ya ɗauke ni a filinsa da ke bakin gari, inda manyan motoci ke hawa sikeli a auna su kafin su shiga. A biron sikelin, wato ofishinsa, na tarar da Mushe Dauda, Mushe irin na Faransanci mai nufin Malam, mutumin Maraɗi, Kirista, wanda ya rubuta duk abin da ordinatar wurin ke yi. Ya rasu wata huɗu da suka wuce. Shi ya koya mini wannan sana'a.

Aikin farko da ya ba ni shi ne in sayi kaye da bik, wato littafi da abin rubutu. Kusan shekara guda ina rubuta umarni a takarda, yana karantawa yana jan layi, bai bar ni na taɓa madannai ba sai dai in goge su da burushi. In na ce, "Mushe, ai ka gane abin da nake nufi," sai ya ce, "Ni na gane, Badamagare. Ita ba ta ganewa. Ita ba ƙanwar uwarka ba ce." Kayan aikinmu ke nan: kaye, bik, burushi, fanka ɗaya da muke juya wa ordinata mu kuma mu sha zafi, da wani tsari da ke duba rubutunmu kafin ya zama aiki, wanda muke ce wa alƙali, saboda ba ya karɓar haƙuri.

Akwai wani direba da ya zo da siminti daga Agadas, mota cike har tana nishi. Wayar sikeli ta tsinke ba mu sani ba, ordinata ta tambayi nauyi, ba ta samu komai ba, sai ta buga sifili a takarda. Direban ya duba, ya juya takardar, ya sake dubawa, ya ce, "To ni me na wuni ina ja?" Bai yarda ya mayar da takardar ba. Ya ce zai kai wa maigidansa ya ga dalilin da bai kamata a ce ya sha gazuwal, man motar, da yawa ba.

Bayan wannan ne Mushe Dauda ya kawo akwati, ba na katako ba, na cikin rubutun ordinata. Ku fahimci akwatin sosai, don a kansa labarin yake. Duk aikin da ka aiki na'ura, ko ya yiwu ko ya ƙi. Maimakon ta miƙo maka amsa tsirara, sai ta miƙo akwati. A cikinsa abu ɗaya ne daga cikin biyu: ko sakamako, ko kuskure tare da dalilinsa. Ba a samun biyun tare, kuma ba a samunsa fanko. Wanda ya karɓa dole ya buɗe ya duba kafin ya ci gaba. Tun daga ranar, in waya ta tsinke, takarda ba ta cewa sifili, tana cewa waya ta tsinke.

Hanya biyu ce ta sa abu a akwatin. Ko ka gina abin a waje, ka kwafe shi ciki, a share na wajen. Ko ka miƙa wa akwatin kayan gini ka ce ya gina abin a cikinsa tun daga farko. In lamba ce kawai, kamar nauyin mota, duk ɗaya ne. Ni na ɗauka kullum duk ɗaya ne, kuma hanyar farko ta fi zauna mini a hannu.

Sai shekarar wahala ta zo, wadda aka rufe babban ramin ma'adinai, gidaje suka yi ta zama kango, motocin da ke hawa sikelinmu suka ragu har mukan ji ƙarar fanka. Maigadinmu ya haɗa kayansa ya koma Tawa. Alhaji ya tara mu ya faɗa mana a fili cewa kafin ƙarshen wata mutum ɗaya zai iya riƙewa a biro, ba biyu ba. Bai ce wane ba. Abin da kowa ya sani shi ne Mushe Dauda na fama da ciwon ƙirji, kuma katin asibitin da yake karɓar magani da shi na ma'aikatan filin ne. In aiki ya tafi, kati ya tafi.

A maimakon sabon maigadi, Alhaji ya sayo tsohuwar sandar ƙofa mai inji a gwanjo, ja da fari, doguwa, mai nauyi. Ni na kafa ta, na ja mata waya, kuma Mushe ya ce ni zan rubuta abin da zai tuƙa ta. Muka sa wa wannan sashe suna maigadi, don tunawa da na Tawa. Dokarsa biyu ce, Mushe ne ya tsara su. In an haife shi, wato in ordinata ta gina shi, ya ɗaga sanda. In zai mutu, ya sauke ta, don kada ƙofa ta zauna a buɗe in ordinata ta tsaya. Maigadin zai zauna cikin akwati har mota ta gama wucewa, sannan a sallame shi.

Na rubuta, alƙali ya karɓa, na hau babur na gwada. Sanda ta tashi, na wuce, ta sauka a bayana. Na sake, haka. Na shiga biro na ce, "Mushe, an gama." Ya ce, "Da babur ka gwada?" Na ce e. Ya yi tari, ya ce, "To."

Ƙananan motoci sun yi ta wucewa lafiya. Ranar Asabar wata doguwar mota ta zo daga wajen Dannet, mutane zaune a saman kaya. Kan motar ya wuce, tsakiyarta ta wuce, sanda ta sauko a hankali ta ɗauke malafar wani dattijo da ke can baya, ta ajiye ta a ƙasa. Dattijon ya sauko, ya ɗauki malafarsa, ya karkaɗe, ya zo bakin biro ya ce yana son ganin wanda ke riƙe da sandar. Muka ce ba kowa, inji ne. Ya ce, "To ubangidan injin fa? Ko shi ma inji ne?" Sai da muka ba shi shayi har kofi uku kafin ya yafe.

Ranar Litinin Alhaji ya zo da motarsa. Ku kun san shi, ba ya wuce mutum bai gaisa ba. Sanda ta tashi, ya shigo, daidai ƙarƙashinta ya hangi wani tsohon abokinsa daga Gugaram, ya taka birki, ya sauke gilashi. An yi ina kwana. An yi ina gajiya. Ana cikin ina iyali sanda ta sauko a kan rufin motar, ta yi masa kwari kamar kwano. Abokin bai fasa ba, ya ce, "Ina kuma labarin dabbobi?"

Alhaji ya shigo biro rawaninsa a karkace. A allo an rubuta da kore cewa sakamako lafiya, sanda na sama. Ya daɗe yana kallon rubutun. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ya ce, "Dauda, akwatinka ya ce sanda yana sama. Motana ya ce sanda yana ƙasa. Wa zan yarda, akwati ko mota?"

Mushe ya ce, "Alhaji, akwatin ba shi ƙarya. Abin da anka sa mishi shi ya ka hwaɗi."

"To shi da mai ƙarya duk ɗaya. Zuwa Alhamis. In sanda ya sake taɓa wani abu, kai da akwatinka ku tafi tare."

Muka ɗaure sandar da igiya, na koma ɗaga ta da hannu. Na duba inji, na duba waya, na canza fis, na karanta rubutuna sau da yawa ban ga komai ba. A raina, in faɗi gaskiya, na fara zargin akwatin ni ma. Mushe kuwa yana zaune yana shan ruwan zafi, bai ce mini duba nan ko duba can ba.

A makon nan ne kuma gado ya same ni. Maiɗakina Hadiza ta daɗe tana son gadon ƙarfe, ta yi odarsa wurin wani mai walda a Akokan. Ranar Talata da safe aka ce an gama, sai na yi abin kirki, na kira maƙwabci na ba shi tsohon gadonmu kyauta, ya ɗauka da murna. Da rana aka kawo sabon a amalanke, mai rumfa, mai furanni na ƙarfe, an walde shi gaba ɗaya ba sukurori. Muka kawo shi bakin ƙofar ɗaki. Bai shiga ba. Muka kwantar da shi, bai shiga ba. Muka tsayar da shi, muka karkata, maƙwabta suka taru kowa da shawararsa, wani ya ce a cire ƙyaure, wani ya ce a fasa bango, wani ya ce a ɗaga rufi a zura ta sama. Gado ya zauna a tsakar gida, akuyarmu ta haye ta kwanta. Mu muka shimfiɗa tabarma.

Da safe ina shirin fita, Hadiza na kallon akuyar, ta ce, "Malam, kai da mai waldar nan duk hankalinku ɗaya. Wa ya ce a gama shi a waje? Ya zo da ƙarafunansa da injinsa ya haɗa shi a cikin ɗaki mana."

Na ce, "Sake faɗa."

Ta ce, "Kurma ka zama kuma? Na ce a gina shi a ciki."

Ban karya kumallo ba. Na isa biro na buɗe rubutuna, ga shi nan a layi uku, yana kallona. Na gina maigadi a waje, ya ɗaga sanda. Na kwafe shi cikin akwati. Na wajen aikinsa ya ƙare, aka share shi, shi kuma kafin ya mutu ya cika dokarsa, ya aika wa inji cewa a sauke. Injin tsoho ne, sai ya gama tashi, ya huta kaɗan, sannan ya bi umarni na biyu. Babur na wucewa kafin nan. Doguwar mota da mai doguwar gaisuwa ba sa wucewa. Na cikin akwatin kuwa, wanda aka kwafa, bai san an yi rasuwa a waje ba, yana zaune yana cewa sanda na sama. Akwatin bai yi ƙarya ba. Ni na sa masa maigadin da bai san komai ba.

Na juya na ce, "Mushe, kuskuren nawa ne."

Ya ce, "Na sani. Tun Assabar na gani."

"Me ya hana ka faɗa?"

Ya juya kofinsa. Ya ce, "Ɗiyana biyu, duk sun yi arme. Naka shidda, babbansu bai gama lakwal ba. Ina lissahi ne ban gama ba." Sai ya nuna allo da haɓa. "Gyara mu gani."

Na goge layukan, na rubuta kalmar nan taku mai haruffa bakwai, wadda ke ce wa akwati ya gina abin a cikinsa. Maigadi ɗaya, haihuwa ɗaya, ba na waje balle ya mutu. Na miƙa wa alƙali. Alƙali ya ƙi. Ya ce ba zai yarda a yi gini a ciki ba sai an rubuta alkawari cewa ginin ba zai taɓa faɗuwa a tsakiya ba. Alkawarin ma kalma ɗaya ce. Na ɗora yatsa zan rubuta.

Mushe ya ce, "Mi za ka yi?"

"Zan rantse masa."

"In wayar inji ta tsinke, maigadin naka shina iya haihuwa?"

"A'a."

"To rantsuwar ƙarya za ka yi. Kai Musulmi, ni Kirista, wannan dai duk an hana mu." Ya jawo kayena ya zana akwati. Ya ce in za a yi gini a ciki, abin da ke ciki ake fara fitarwa, ko tsohon sakamako ne ko tsohon kuskure, don wuri ɗaya ne. In an fitar, gini kuma ya faɗi a tsakiya, me ya rage? Ba sakamako, ba kuskure. Fanko, abin da aka yi akwatin don kada ya faru. Shi ya sa alƙali ke neman alkawari.

Ya ce, "Ka gane?" Na ce na gane, domin jiya na ba da tsohon gadona kafin in auna ƙofa. Ya tambayi wane gado. Na ba shi labari. Ya yi dariya har tari ya kama shi, na miƙa masa ruwa, ya sha, ya ce, "Akuyar dai ta samu sakamako."

Muka raba aikin biyu. Duk abin da ke iya ƙi, wato neman waya da jin ko inji na amsawa, a yi shi tukuna a waje. In ya ƙi, a sa kuskure a akwati da dalilinsa. In ya yiwu, sai a miƙa wa akwati wayar da aka riga aka tabbatar, ya gina maigadi a cikinsa, ginin da ba abin da zai kayar da shi. Sannan na rubuta alkawarin, da gaskiyata. Muka kuma hana kwafar maigadi gaba ɗaya, ko wani ya gwada nan gaba alƙali zai tsayar da shi. Wannan duka bai fi layi goma ba. Ya ci mana wuni.

Ranar Alhamis Alhaji ya zo da wata motar aro. Kafin Mushe ya buɗe baki na ce, "Alhaji, akwatin Mushe lafiyarsa lau. Ni na rubuta abin da ya lotsa maka mota, ni kuma na gyara." Mushe ya ce, "Badamagare, wa ya tambaye ka?" Na ce ba kowa.

Alhaji ya dube ni, ya dube shi. Ya ce, "Ka gyara?"

"Na gyara."

"To je ka tsaya ƙarƙashinsa."

Na kwance igiya. Mushe ya danna daga biro, sanda ta tashi, na je na tsaya daidai inda take sauka. Direbobi suka bar shayinsu suka zo kallo. Alhaji ya tsaya taku uku daga gefe, inda ba za ta same shi ba, ya ce shi ba zai bar ni in tsaya haka kamar turke ba, sai ya fara tambayata mutanen Damagaram ɗaya bayan ɗaya, da waɗanda ya sani da waɗanda bai sani ba. Ina amsawa ina satar kallon sama. Wani direba ya ce, "Baba Isufu, cire hular, sabuwa ce." Wani ya ce a bar masa, ita ce za ta rage zafi. Na kai kusan rabin awa a rana. Sanda ba ta motsa ba. Sai Mushe ya leƙo ta taga ya ce yanzu zai zare wayar inji a gani. Ya zare, ya danna, allo ya rubuta da ja cewa kuskure, inji ba ya amsawa. Alhaji ya sa aka karanta masa sau biyu. Ya ce, "Yanzu akwati ya yi hankali."

A ƙarshen wata ya kira ni shi kaɗai. Ya ce maganarsa ta mutum ɗaya tana nan, kuma na riga na sauƙaƙa masa zaɓi. Ya ce in ba don shekarar ba da bai yi ba. Na ce na sani. Na ɗauki turnabis ɗina na kafa tebur a kasuwa ina gyaran fanka da caja da rediyo. Na yi fiye da shekara biyu a nan. Ba mu kwana da yunwa ba, ko da yake Hadiza ta sayar da akuyar. Mushe ya riƙe katinsa, ya sha maganinsa a kan lokaci har iyakar kwanan da aka ɗiba masa. Ranar Lahadi in ya taso daga coci yakan biyo ta teburina ya zauna, ya ce fankar da na gyara tana juyawa kamar mai jin kunya.

Bayan an yi jana'izarsa da mako biyu Alhaji ya aiko a kira ni, ya nuna mini kujerar. Na zauna, na goge madannai, na buɗe sashen maigadi don in tuna inda muka tsaya. Layukan nan uku nawa da na goge da hannuna, na tarar ya dawo da su. Ya sa musu alamar da ke hana su aiki, ya bar su a saman gyaran, ya rubuta a kansu da Hausarsa: "Nan Badamagare ya kashe maigadi. Shi ya gano da kainai, shi ya hwaɗa da bakinai. Kada a goge."

Suna nan. In kun zo gobe ku buɗe ku karanta su, ku gaya mini inda kuskuren yake ba tare da kun duba waya ba. Wanda ya gano, zan bar shi ya taɓa madannai. Amma layukan, kada wanda ya sa musu hannu.